Ka San Abin Da Ke Zuciyar Ɗanka? Darasi Domin Iyayen Samari Da 'Yan Mata

Ya mai karatu, in akwai yaro a gidanka wanda ya wuce shekara 10 amma bai kai 20 ba, wannan darasi naka ne. Ko kai ka haife shi, ko riƙo aka ba ka, duk ɗaya ne. Wataƙila ka lura ya sake hali. Yaron da dā yakan bi ka gona yana ta surutu, yanzu sai ka kira shi sau uku kafin ya amsa. Yarinyar da takan yi waƙa a bakin turmi, yanzu ta shige ɗaki ta yi shiru, abu kaɗan kuwa sai hawaye. Daga Gure zuwa Kelle, daga Bune zuwa Gidigir, maganar iyaye ɗaya ce: "Yaran zamani ba su jin magana."

Kafin ka yanke wa ɗanka hukunci, ka tsaya mu bincika al'amarin tare. Za mu duba abin da ke faruwa cikin jikin matashi, da hatsarin da ke kewaye da shi a ƙasarmu, da dabarun riƙon zuciya da ya kamata ya koya a gida, da kuma alamun da ke nuna lokacin zuwa likita ya yi. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidan, a karanta da ƙarfi kowa ya ji.

1. DOKI YA YI ƘARFI, LINZAMI BAI GAMA ƘERUWA BA

Kowa yana ganin canjin da ke waje sa'ad da yaro ya fara balaga. Muryar saurayi ta buɗe, budurwa ta fara al'ada. Amma akwai wani aiki da ke gudana a ɓoye, cikin ƙwaƙwalwa. Masana sun gane cewa sassan ƙwaƙwalwa ba su ƙosawa a lokaci ɗaya. Sashen da ke ta da fushi, da tsoro, da sha'awa, da son yabon abokai, yakan yi ƙarfi da wuri. Sashen da ke bayan goshi kuwa, wanda ke ce wa mutum ya dakata ya duba ƙarshen abu, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25.

Watau matashi kamar doki ne wanda ƙarfinsa ya kawo, amma maƙeri bai gama linzaminsa ba. Shi ya sa ɗanka yakan yi abin wauta da rana, da dare ka tambaye shi dalili ya ce bai sani ba. Sau da yawa gaskiya ya faɗa maka. Wannan bai ba shi izinin yin abin da ya ga dama ba. Abin da ya nuna shi ne, cikin shekarun nan yana bukatar babba kusa da shi wanda zai riƙe masa linzami har nasa ya ƙeru.

Ka lura da barcinsa kuma. Likitoci sun ce matashi yana bukatar barcin sa'a 8 zuwa 10 a kwana ɗaya. Saurayin da ya zauna a fada yana shan shayi mai kauri da latsa waya har tsakar dare, sa'an nan aka tashe shi da asuba domin ban ruwan dabbobi, lalle zai wuni da zafin rai. Yunwa ma haka take yi. Yaron da ya tafi kwaleji ba ko kunu a cikinsa, kada ka yi mamaki in malam ya ce ba ya natsuwa.

2. MAGANAR BA ƘARAMA BA CE

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata damuwar zuciya ko ta hankali wadda ta kai matsayin ciwo. Ka ƙidaya matasan da ke zama bayanka ran Lahadi. In su 21 ne, mai yiwuwa 3 cikinsu suna ɗauke da kayan da ba wanda ya gani. Wajen rabin irin waɗannan cututtuka kuwa sukan fara kafin yaro ya wuce shekara 14. A Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, wannan magana ta shafi kowane gida, na Kirista da na maƙwabcinsa Musulmi.

Damuwar matashi takan bi ɗaya daga cikin hanya biyu. Wata takan fito waje: faɗa, zagi, sata, shan ƙwaya, gudu daga gida. Wannan kowa yana ganinta, kowa kuma yana tsawata mata. Wata kuwa takan koma ciki: shiru, baƙin ciki, faɗuwar gaba, rashin ci, ciwon kai da ciwon ciki waɗanda ba a ga dalilinsu ba. Samari sun fi bin hanya ta fari, 'yan mata sun fi bin ta biyu, ko da yake ba kullum ba. Hanya ta biyu ta fi wuyar ganewa, gama yarinyar da ke fama da ita ba ta damun kowa. Har yabonta ake yi, ana cewa ga mai kunya, alhali kuwa tana ƙonewa a ciki.

3. ABIN DA KE KEWAYE DA 'YA'YANMU

A birnin Damagaram akwai ƙungiyoyin samari da ake kira pale. An san su da ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa. A shekarar 2021 wata 'yar garin, A'isha Macky, ta fito da fim mai suna Zinder a kan samarin unguwar Kara-Kara, unguwar da tun dā aka ware wa kutare. Wanda ya kalle shi zai ga samarin da suka taso ba makaranta, ba sana'a, ba wanda ya ɗauke su a bakin kome. Pale ta ba su suna da 'yan'uwa da wurin huce fushi. Ka riƙe wannan: yaron da bai sami mai jinsa a gida ba, zai nemi mai jinsa a waje.

Ga kuma tramol. Asalinsa maganin ciwo ne mai tsanani, likita yakan ba da ƙwaya mai miligiram 50, bai kuwa yarda babban mutum ya wuce 400 a yini ba. Wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya. Saurayi ya fara sha domin ya jure noma ko tuƙin kabu-kabu, ko domin ya manta da abin da ke cin ransa. Daga baya jiki ya saba, in bai sha ba sai zufa da makyarkyata da fushi. In ya sha da yawa kuwa yakan faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, har numfashi yakan tsaya.

Akwai cin rani. Uba ya tafi Libiya ko Nijeriya wata da watanni, saurayi ɗan shekara 14 ya zama maigida tun bai shirya ba. Akwai auren wuri. Binciken da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ta ji ana ƙus-ƙus a kan aurenta, ba wanda ya tambaye ta, za ta iya daina ci da barci.

Akwai kuma tsoron da ya kwana. A ran 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram, tarzomar ta taɓa Gure ma. A watan Fabrairu na shekarar nan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, mutane da yawa suka gudo yamma. Yaron da ke da shekara 5 a lokacin ya cika 15 a 2025. Manya suna tsammani ya manta. Amma abin firgita da yaro ya gani yakan dawo daga baya cikin mugun mafarki, ko yawan zabura, ko fushin da ba a san mafarinsa ba.

4. DABARU HUƊU NA RIƘON ZUCIYA

Riƙon zuciya abin koyo ne, kamar huɗa da saƙar tabarma. A garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan, masana sun bi rayuwar yara wajen 1,000 waɗanda aka haifa a 1972 da 1973. A 2011 suka bayyana abin da suka gani sa'ad da yaran suka kai shekara 32. Waɗanda suka fi iya kame kansu tun suna ƙanana sun fi lafiya, sun fi iya riƙon dukiya, ba su kuma cika shiga hannun hukuma ba, ko 'ya'yan masu kuɗi ne ko na talakawa. Waɗanda suka ƙaru da kamun kai yayin da suke girma, su ma sun ga amfaninsa. Ashe icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga dabarun da za ka koya wa ɗanka.

Ta ɗaya, ya san sunan abin da yake ji. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: fushi, haushi, takaici, kishi, kunya, tsoro, kewa, baƙin ciki. Kowanne da maganinsa. Yaron da ya fasa ƙwarya domin an saya wa ƙanensa takalmi, kishi ne ke cinsa, ko da a fuska fushi ka gani. A 2007 masana a Kalifoniya ta Amurka suka duba ƙwaƙwalwar mutane da na'ura, suka ga sashen tsoro da fushi yana lafawa sa'ad da mutum ya kira abin da sunansa. Ka buɗe Farawa sura 4 ka ga yadda Allah ya yi da Kayinu. Tun Kayinu bai ɗaga hannu ba, Allah ya lura da fuskarsa, ya tambaye shi dalilin fushinsa, ya gargaɗe shi. Labarin zuciya a tambayi fuska. Kai ma ka fara da tambaya.

Ta biyu, ya iya dakatawa. Fushi yakan taso kamar guguwa, in ba a ƙara masa wuta ba kuwa yakan sauka da kansa. Ka koya wa ɗanka ya san alamunsa: zuciya tana bugawa, jiki ya ɗau zafi, hannu ya dunƙule. In ya ji haka, ya rufe baki, ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali har sau 10, ko ya bar wurin ya tafi rijiya ya dawo. Ka gaya masa barin wurin faɗa ba ragonci ba ne. A lokacin da rai ke kwance ake koyar da wannan, gama ba a koya wa mutum iyo sa'ad da ruwa ke cinsa.

Ta uku, ya iya faɗin damuwarsa da baki, cikin ladabi. Akwai bambanci tsakanin yaron da ya buga ƙofa ya fita, da wanda ya ce, "Baba, na ji zafi da ka zage ni gaban abokaina." Na biyun bai raina ka ba. Amana ya ba ka. In ka mare shi domin wannan, ka rufe ƙofar da za ka yi shekaru kana nema ta buɗe.

Ta huɗu, ya iya duban zuciyar wani, ya kuma gyara abin da ya ɓata. In ya doki ƙanwarsa, ka tambaye shi, "Da kai aka yi wa haka, yaya za ka ji?" In awakinsa sun shiga gonar maƙwabci saboda sakacinsa, ya je da ƙafarsa ya ba da haƙuri, ya yi aiki ya biya. Horon da ya dace da laifin yana koya wa yaro hankali.

5. YADDA ZA KU KOYAR

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ke jifa da akushi in miya ba ta yi masa daɗi ba, ya riga ya koya wa ɗansa yadda ake fushi. Uwar da ke gaba da maƙwabciya har wata guda, ta koya wa 'yarta riƙo. Darasi na fari, halinku ne.

Mun san al'adarmu tana da kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, balle ɗan fari, wanda waɗansu iyaye ko sunansa ba su kira. Kunya abu ne mai kyau, amma kada ta bar yaro ba shi da kowa. Al'adar da ta sa kunya, ita ce kuma ta buɗe waɗansu ƙofofi. Kaka tana wasa da jikanta, tana iya tambayarsa abin da uba ba zai iya ba. Akwai kawu, akwai gwaggo, akwai dattijuwa cikin zumuntar mata. Ku tabbata kowane matashi a gidanku yana da babba ɗaya mai riƙon asiri wanda zai iya gaya wa kome.

Kai uba, kada ka jira sai an yi laifi kafin ka yi magana da ɗanka. Samari sun fi sakin baki sa'ad da hannu ke aiki, a hanyar gona, ko bisa amalanke, ko wajen gyaran danga. Ka ce, "Na ga tun jiya ranka a ɓace yake." In ya ce, "Ba kome, Baba," kada ka matsa. Ka ce, "To, ina nan." Wataƙila sai bayan kwana uku zai zo. In ya zo, ka ji shi har ya gama kafin ka ba da shawara. Ke uwa, ki yi haka da 'yarki wajen sussuka ko hanyar ɗiban ruwa. Ki gaya mata zancen al'ada tun ba ta fara ba, domin kada ta firgita ta ɓoye.

Ku yi hankali da fifiko. Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da 'yan'uwansa suka sayar da shi, Farawa sura 37 kuwa ta nuna tushen ƙiyayyar: ubansu ya fifita shi a fili. Kada ku riƙa gwada yaro da ɗan'uwansa. Ɗan riƙo kuma a ba shi abin da aka ba ɗan gida.

Game da bulala fa? A 2016 masana a Amurka suka tattara binciken shekaru 50 a kan yara fiye da 160,000. Suka ga yawan duka yana tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗa da damuwar zuciya. Saurayin da ake duka yakan koyi ɓoye laifi, ko ya jira ranar da ƙarfinsa zai kawo. Manzo Bulus ma ya gargaɗi ubanni a kan tsokanar 'ya'yansu har su karai, ka duba Kolosiyawa sura 3. Amma sakaci shi ma cuta ne. Ku mutanen Gure kun san yadda ake tsare kwari daga rairayi. Ba mai iya hana iska busawa, amma in aka kafa shinge na kaba da rassa a kan tudu, rairayi yakan tsaya, ciyawa ta kama, dabino da lambu su tsira. Dokokin gida haka suke. Su zama kaɗan, a bayyane, uba da uwa bakinsu ɗaya: lokacin dawowa gida, lokacin ajiye waya, aikin kowa. A kafa su da ƙarfi, a kuma gaya wa yaro dalilinsu.

6. LOKACIN ZUWA LIKITA

Ɓacin rai na kwana biyu ba ciwo ba ne. Amma ku kai yaro likita in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Baƙin ciki ko shiru wanda ya wuce mako biyu, har ya bar abin da yake so dā.

Rashin ci da rama, ko rashin barci dare bayan dare.

Jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko maganar da ba ta da kan gado.

Faɗuwa da shure-shure, ko alamar shan ƙwaya, ko shaƙar sholisho.

Yanka jikinsa, ko cewa gara ya mutu.

Na ƙarshen nan ba a jiran gobe. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2021, kashe kansu da kansu shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi kashe masu shekara 15 zuwa 29. Kada ka ce wasa yake yi. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai. Maganin ƙwari da na ɓera da ƙwayoyin asibiti a kulle su, mabuɗi a hannun babba, gama sau da yawa niyyar takan zo farat ɗaya ta wuce, in abin bai kusa da hannu ba.

Kada ku yi saurin cewa iska ce ko sammu. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarta ta taɓa mai ita, tana kuwa da magani. In 'yan mata sun faɗi a makaranta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya sha faruwa a Nijar, a janye kowace zuwa wuri mai shiru, kada a taru a kanta, kada a doke ta, a bar ma'aikacin lafiya ya duba ta. Kada a sa wa yaro mari, kada a ɗaure shi a turke. Ku fara da likitar da ke kusa da ku. In abin ya fi ƙarfinta za a tura ku asibitin Gure, ko babban asibitin Damagaram, tafiyar wajen kilomita 170.

Wani zai ce, "Ai mai bi ba ya irin wannan ciwo." Ka karanta 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya ya gaji, ya karai, har ya roƙi mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan ya saurari kukansa, ya kuma ba shi abokin aiki. In zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗanka, kana yin addu'a kana kuma kai shi likita. Ciwon zuciya ma haka za ka yi masa. Ba abin kunya ba ne ga gidanka.

AIKIN WANNAN MAKO

Ka zaɓi lokaci ɗaya ka yi aiki tare da matashin gidanka, ku biyu kaɗai, ba faɗa, ba wa'azi. Ka yaba masa a kan abu ɗaya na gaskiya da ya yi daidai. Kafin rana ta faɗi yau, ka duba inda maganin ƙwarinka yake.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Wane sashen ƙwaƙwalwa ne ke jinkirin ƙosawa, me wannan ke koya mana game da matasa?

2. Don me damuwar da ta koma ciki ta fi wuyar ganewa?

3. Ka faɗi dabaru huɗu na riƙon zuciya. Wacce ce ta fi yi maka wuya kai kanka?

4. In ɗanka ko 'yarka suna cikin damuwa a daren yau, wurin wa za su je? Ka tabbata sun san haka?

5. Me ikkilisiyarku za ta yi wa saurayin da ya faɗa shan tramol, domin ya dawo ba tare da an kunyata shi ba?